Horon aiki a Jamus: yaya ake shiga cikin abokan aiki ba tare da zaman giya ba?

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa aiki da Jamusawa.

Horo ne na mako uku a Munich a watan Disamba, mu goma sha biyu daga ƙasashe daban-daban. A ofis babu matsala, amma hira ba ta wuce ta aiki. Sabo na gaske sai bayan an tashi, a gidan giya, kuma a nan na maƙale. Ƙin zuwa sau biyu ya isa a daina gayyatar mutum. In an je kuma, akwai Apfelschorle, wato ruwan tuffa da soda, wannan lafiya lau. Amma giyar da ake rubuta wa "alkoholfrei", wato marar barasa, tana iya ɗaukar barasa har kashi 0.5 cikin 100, ga naman alade a yawancin abincin Bavaria, jihar da Munich take ciki.

Cin abincin rana tare zai iya maye gurbin wannan zaman? Lokacin a matse yake, don Azahar, La'asar da Magariba duk suna faɗowa tsakanin ƙarfe 12 da 4:30.

Sai batun "Sie" da "du", wato kalmomin Jamusanci na "kai" ko "ke": "Sie" ta girmamawa ce, "du" ta sabo. Na san babba ne ke fara ba da izinin "du", to in shekarunku da muƙaminku ɗaya fa?

Tsaraba ma ta gagara, tunda Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama, kilishi ya fita ke nan. Dabino ko zoɓo zai karɓu? Kuma tunda kowa kan biya nasa, in na biya wa tebur duka, karamci za su gani ko takurawa?