Me za mu kira furotin mai jigila a cikin jijiya?

Malamin fisiyoloji:
Assalamu alaikum. Muna shirya bayani da Hausa don iyayen yaran da ake kawowa asibitin koyarwa nan Sakkwato da taurin ƙafa na gado, kuma kalma ɗaya ta tsayar da mu. Ƙwayar jijiya tana da doguwar jela, akson, wadda daga laka zuwa ɗan yatsan ƙafa kan kai mita 1. Kusan duk abin da bakin jelar ke buƙata a jikin ƙwayar ake haɗa shi, sai an kai. Mai kaiwar shi ne kainesin, furotin da Ronald Vale da abokan aikinsa suka gano a 1985 cikin jijiyar wata dabbar teku, sukwid. Yana bin wasu siraran bututu da ke cikin akson. Ni dai na rubuta "furotin mai inji". Ko akwai wadda ta fi?

Likitar jijiya:
Wa alaikumus salam, Malam. Inji ba ya gaya wa uwa komai, za ta ɗauka ƙarfe ne. Abin nan tafiya yake yi da ƙafa biyu, yana jefa ɗaya gaban ɗaya. Kowane taku nanomita 8 ne (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), yana ƙona ATP ɗaya, wato sinadarin da ke ba ƙwaya ƙarfi, kuma yakan yi taku wajen 100 a daƙiƙa. Ɗauke yake da kaya. Wanga ai ɗan dako ne, irin na Kasuwar Kara. Furotin ɗan dako.

Malamin Hausa:
Likita, kalmar ta zauna a baki. Amma ku tsaya kan "jijiya", don ta jini ma jijiya ce, ta agara ma haka. Ku ce jijiyar saƙo. Kuma ku raba ƙwayar jijiya da ƙwayar gado, mai ɗauke da umarnin da ake gada daga iyaye, kada ku kira duka biyun ƙwayar halitta.

Malamin fisiyoloji:
Na karɓa, Allah gafarta Malam. Sai dai ga matsala: sashen da ke taka bututu shi masana ke kira kai, wanda ke riƙe kaya kuma wutsiya. Ɗan dakonmu da kai yake ɗauka. Ɗalibi zai rikice.

Likitar jijiya:
To mu bar musu kansu da wutsiyarsu. Mu ce ƙafa da gammo. Rabewar tana da amfani a asibiti. Ƙwayar gado KIF5A, mai ɗauke da umarnin haɗa wani nau'in kainesin, tana kan kuromosom na 12 (kuromosom shi ne zaren da ƙwayoyin gado ke jere a kai). In ta samu tangarɗa kuma tangarɗar ta faɗa a ƙafar furotin, yawanci taurin ƙafa na gado ake samu, nau'in SPG10, ko lalacewar jijiyoyin hannu da ƙafa. In ta faɗa a gammo, sai ta jawo ALS, ciwon da ke cinye jijiyoyin motsi, an tabbatar da haka a 2018. Ƙwayar gado ɗaya, ciwo daban-daban, ya danganta da inda ɓarnar take.

Dalilin da ƙafa ke fara nunawa kuwa nisa ne. Jigila mai sauri tana cin milimita 200 zuwa 400 a yini, ke nan kaya na kwana 2 da rabi zuwa 5 kafin su ratsa mita 1. Kainesin guda ba ya wuce kamar maikromita 1 (kashi ɗaya cikin dubu na milimita) yake sakin bututu, shi ya sa da yawa ke kama kaya ɗaya. In sun yi rauni, bakin jijiya mafi tsawo ne ke fara rasa mitokondiriya, masu samar wa ƙwaya ƙarfi, da jakunkunan sinadarin saƙo, sai ya riƙa mutuwa daga can yana yowa baya. Yaro na tafiya bisa yatsu, gwiwoyi na gugar juna, gaban takalmi na cinyewa. Ba shan inna ba ne: ƙafar shan inna saki take yi, wannan ƙagewa take.

Mai nazarin ƙwayoyin gado:
Hajiya, a ƙara da KIF1A, ƙwayar gadon wani kainesin, da ke kan kuromosom na 2. A yawancin yaran da ciwon ya yi tsanani, sabuwar tangarɗa ce, babu ita a jinin uwa ko uba. Akwai kuma nau'in da sai an gado daga ɓangare biyu, nan ne auren zumunci ke shigowa. SPG10 kuwa daga ɓangare ɗaya ya isa, a kowane ciki yiwuwar yaro ya gada kashi 50 cikin 100 ne. Tambayata: dainin fa, mai dawowa da tsofaffin kaya jikin ƙwaya?

Malamin Hausa:
Kai da komo ke nan. Kainesin ɗan dakon kaiwa, dainin ɗan dakon komowa.

Likitar jijiya:
Madalla. Da na komowar ne cutar mahaukacin kare ke hawa zuwa ƙwaƙwalwa, shi ya sa cizon fuska ya fi na ƙafa saurin tashi.

Malamin fisiyoloji:
Saura mayosin, furotin da ke motsa tsoka. Danginsu ɗaya a aiki, amma shi ja yake yi, ba ya ɗaukar kaya zuwa ko'ina. Ɗan dako bai rufe shi ba. Zan bar "furotin mai motsarwa" ga dangin baki ɗaya, ɗan dako ga masu jigila, in sa ƙafa da gammo a zanen da za mu liƙa a ɗakin ganin likita.