Neman kalma: yaya za a ce "musical" da Hausa? Ina da shiri gobe

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Agaji nake nema cikin gaggawa. Gobe da ƙarfe goma za mu naɗi shirin nishaɗi, kuma akwai labarin kashi na biyu na Wicked, fim ɗin Amurka kan wata koriyar mayya, da ya fito ranar 21 ga Nuwamba, 2025. Kashin farko na 2024 ya shiga takarar Oscar a rukuni 10, ya ci biyu, na sutura da na tsara wuraren wasa. An yi ta hasashen ko jarumar fim ɗin, Cynthia Erivo, wadda iyayenta 'yan Najeriya ne, za ta dace da Oscar da wannan kashin. Kalmar "musical" ce ta tsaya min. Na rubuta "fim mai waƙoƙi", furodusa ya soke. Na biyu, daga wasan dandamali aka ɗauko fim ɗin, me ake kiran wannan ɗaukowar?

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Anti, furodusanki ya yi gaskiya. A Kano kike magana fa. Ki ce "fim mai waƙa", mai sauraronki a Kantin Kwari zai ce to wanne ne marar waƙar? Mutanen da suka tashi da kallon Indiya a Plaza da El Dorado, sannan Sangaya ya zo ya ɗora.

Rabi'u Edita: Bari in faɗa ta fuskar aikina. A namu, ana fara buga waƙar a situdiyo, sai a ware mata ranar ɗauka daban, a tafi wani lambu, jarumi da jaruma su sauya kaya sau uku ko huɗu. In ta zo gabana a kwamfuta zan iya cire minti biyar ɗin nan gaba ɗaya, in haɗa gaba da baya, ba wanda zai ce labari ya yi giɓi. Nasu ba haka ba ne. Mutum yana tsakiyar gardama sai maganar ta zarce ta zama waƙa, a cikinta zai yanke shawara, a cikinta za a rabu. Ka yanke ta, fitowa ta gaba ba za ta fahimtu ba. Don haka ni "fim a waƙe" zan ce, kamar yadda ake cewa a rubuce ko a karance.

Malam Ibrahim Gwale: 'Yata, kalma ɗaya ake nema, ba jimla ba. Na daɗe da ƙirƙiro ta, ina kuma koya wa ɗalibaina: WAƘAIKWAYO. Waƙa da kwaikwayo, an haɗe. Jam'inta waƙaikwayoyi. Sannan ku daina cewa "fim", muna da majigi.

Ɗan Fagge: Allah ya gafarta Malam, ai majigin ma daga bakin Bature muka tsince shi. Kuma in ka ce majigi, dattawa motar gwamnati za su tuna, wadda ke zuwa ƙofar gidan mai unguwa ta haska yadda ake noman gyaɗa. Waƙaikwayo kuwa na gwada faɗa sau uku da sauri, harshena ya sarƙe.

Malam Ibrahim Gwale: Harshen da ya iya "daunlodin" da "sabskirayib" shi ne zai sarƙe a waƙaikwayo? Raina namu ne kawai. Da a Landan wani mai karanta labarai ya fara faɗinta, da yanzu kuna rige-rigen sa ta a Facebook.

Ummi BUK: Baba Malam, ba raini ba ne, ginin ne bai zauna ba. Hausa ba ta cika gutsure kan wata kalma da wutsiyar wata ta liƙa ba. Harɗaɗɗun sunayenmu a buɗe suke: faɗi-ka-mutu, a-ci-balbal, gidan sauro. Mai ji yana gane gaɓoɓin. Na so in ce "waƙaƙƙen fim" a kan tsarin rubutaccen wasa, amma in aka ce an waƙe mutum, yabonsa aka yi a waƙa, sai a ɗauka fim ne da wani mawaƙi ya wasa. "Rerarren fim" ya fi tsira daga wannan. Tambaya ta biyu kuma, a sashenmu "baddala" ake cewa.

Ɗan Fagge: Baddala a aji. A Zoo Road, matattarar 'yan fim a Kano, sunanta wankiya.

Rabi'u Edita: A'a, kar ka sa ta yi ɓatanci a iska. Wankiya ita ce ka kalli na Indiya ka juye shi ba sallama. Wannan da izini aka yi, kuma tsani ne mai tsawo: littafin labarin yara na ƙasar Oz na 1900, sai littafin Gregory Maguire na 1995, sai wasan dandamali na Broadway a New York na 2003, sannan fim. Stephen Schwartz da ya yi waƙoƙin dandamalin shi ne ma ya ƙara sababbi biyu a wannan kashin. Anti ki sa wannan a shirin, don yana da alaƙa da takarar: Oscar ba ta karɓar tsohuwar waƙa a rukunin waƙa, sai wadda aka yi musamman domin fim ɗin.

Abu Hanifa: Ni mamaki kuke ba ni. A 2024 an tura Mai Martaba, fim ɗin Hausa, ya wakilci Najeriya a Oscar, ban ga an buɗe zaure ana neman kalma ba. Yau saboda fim ɗin koriyar mayya kowa ya zama masanin harshe. Ita Erivo ɗin a Landan aka haife ta, iyayenta Ibo, me ya haɗa ta da mai sauraro a Kurna?

Maman Ilham: Malam Abu, mun yi wa Mai Martaba shiri guda cur. Ita kuma labarinta labari ne: tana da kyautar Emmy ta talabijin da Grammy ta waƙa da Tony ta wasan dandamali, Oscar kaɗai ta rage mata, kuma an sa ta a takara tun a fim ɗin Harriet ba ta samu ba.

Bakatsine: Duk wannan fa Hausar Kano kuke auna wa. Wa ya ce sai abin da ya yi wa Bakano daɗi a baki ne daidai?

Ɗan Fagge: Ɗan'uwa, ku kawo taku mana. Kullum ƙorafi, ba kaya.

Malam Ibrahim Gwale: Ba a Kano aka yanka wa waƙaikwayo rago ba, kowa na iya ɗauka. Kuma ke Ummi, "rerarre" karatu ma ana rera shi, kukan jariri ma ana cewa ya rera. In ana bin wannan, ba kalmar da za ta tsira.

Mai Kula da Zaure: Jama'a, baiwar Allah tana da aiki gobe. Rikicin Kano da Katsina a kai shi wani zaren.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai. Ga abin da na rubuta, furodusa ya amince: "Wicked fim ne a waƙe, wato waƙa ce ke jan labarin ba ado ba ce, kuma an ɗauko shi ne daga wasan dandamali. Rabon da irinsa ya ci kyautar fim mafi kyau a Oscar tun fim ɗin Chicago a 2003." Baddala na ajiye ta, sai na yi bayaninta kafin a gane, kuma minti uku gare ni. Inda har yanzu nake lalube shi ne rukunin kyautar fina-finai ta Golden Globe da ya haɗa irin waɗannan da na barkwanci. "Fina-finai a waƙe ko na barkwanci" bai yi min daɗi a kunne ba.

Ummi BUK: Gwada "fina-finan waƙe da na barkwanci". Bai cika ba, amma zai wuce a rediyo. Ranar Litinin zan tambaya a sashe.

Malam Ibrahim Gwale: Kun ga inda "a waƙe" ɗinku ta gaza ke nan, ba ta tsayuwa a matsayin suna. Ki yi da ita gobe tunda lokaci ya ƙure, ban hana ba. Amma a ajina waƙaikwayo ce.