Me ya sa harafin ƙ yake lalacewa a saƙon commit na Git?

Ɗalibin Manhaja:
Assalamu alaikum. Muna fassara wata manhaja zuwa Hausa mu huɗu, muna adana aikin da Git, manhajar da ke riƙe tarihin canje-canjen fayiloli, kuma mun yarda mu riƙa rubuta saƙonnin commit, wato gajeren bayanin da ke rakiyar kowane canji da aka adana, da Hausa. Jiya na rubuta "an ƙara shafin farko", amma da abokin aikina mai amfani da Windows ya buga git log don ganin jerin saƙonnin, sai ya ga Æ™ a gurbin ƙ. Shin Git ne ya ɓata rubutun, ko akwai saitin da ya kamata in canja?

Malam Injiniya:
Wa alaikumus salam. Rubutunka lafiyarsa ƙalau. Idan ba a saita i18n.commitEncoding ba, wato saitin da ke faɗa wa Git tsarin da aka adana haruffan saƙo da shi, Git yana ɗauka cewa saƙon a tsarin UTF-8 yake, inda ƙ take cin bait biyu, C6 da 99. Tagar umarni ta abokinka ce take karanta su ɗaya bayan ɗaya da tsarin Windows-1252, wanda a cikinsa C6 yana nufin Æ, 99 kuma ™. Sai ya buga chcp 65001 don tagar ta koma UTF-8, idan kuma ya ga <C6><99> a fili, ya saita LESSCHARSET, saitin manhajar less da ke nuna sakamakon git log, zuwa utf-8.

Hajiya Mai Koyar da Kwamfuta:
Ina so in ja kunnenku game da i18n.commitEncoding, domin mutane da yawa suna garzayawa su taɓa shi da zarar sun ga irin wannan. Saitin ba ya sauya ko harafi ɗaya na saƙon. Abin da yake yi kawai shi ne rubuta sunan tsarin a kan commit, sannan git log ya dogara da wannan suna wajen juya rubutun. Wanda ya sa ISO-8859-1 alhali yana rubutu da UTF-8 ya yi wa Git ƙarya ke nan, kuma tun asali babu ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ a wannan tsarin. Na taɓa ganin editan da ya adana saƙo da tsohon tsari ya mayar da kowace ƙ alamar tambaya, irin wannan kuwa ba ta dawowa sai an sake rubuta saƙon, wanda hakan ke canja lambar commit ɗin da ta duk waɗanda suka biyo bayansa.

Ɗalibin Manhaja:
Na gode, Malam da Hajiya. Umarnin chcp ya gyara saƙonnin. Saura sunan fayil, inda git status yake nuna \306\231 maimakon ƙ.

Malam Injiniya:
Wannan aikin saitin core.quotepath ne, wanda ke sa Git ya nuna irin waɗannan haruffa da lambobi a sunan fayil, ka mayar da shi false.