Waɗanda aka taɓa ɗibar wa ruwan baya, ku zo mu ji

Uwargida daga Gusau: Assalamu alaikum. Ɗan ƙanwata na kwance a asibiti da zazzaɓi, wuya ya sandare. Likita ya ce sai an ɗebi ruwa a bayansa, dangin uban sun ƙi, wai wanda aka yi wa ba ya ƙara takawa. Don Allah wanda ya taɓa gani ya faɗa mana.

Malamin firamare: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ni kaina an yi min a 2017, lokacin da sanƙarau ya ɓarke a Zamfara. Na kwanta a gefe, na haɗa gwiwa da ƙirji. Ruwan ya fito gurɓatacce kamar na wankin shinkafa, nan suka gane cutar. Da ƙafata na koma gida.

Wata nas: Hajiya, ruwan da ake ɗiba a baya shi ne dai wanda ƙwaƙwalwa ke iyo a cikinsa. Akwai gurabe huɗu a cikin ƙwaƙwalwa inda ake samar da shi, ya fito ya bi tsakanin tantanin da suka lulluɓe ta, ya gangaro ya kewaye laka. A jikin babba bai wuce mililita 150 ba, amma jiki na yin kusan 500 a kowace rana, don haka ɗan abin da muke ɗiba nan da nan yake mayuwa. Ita kuwa laka tana ƙarewa ne a saman ƙugu, allurar a ƙasa da nan take shiga. Ruwan mai lafiya garau yake fitowa.

Maijego: A wurin nan aka yi min allurar kashe rabin jiki da za a ciro min ɗa. Ƙafa ta dawo a ranar. Ciwon kai ne ya ba ni wuya: in na tashi zaune kamar ya tsage, in na kwanta ya lafa. Aka ce ruwan ne ke ɗan yoyo ta hujin allura. Da kansa ya bari.

Wani ɗan'uwa: Ku yi haƙuri, namu an ɗeba, washegari ya rasu.

Wata nas: Allah ya jiƙansa, Malam. Sanƙarau na iya kashewa cikin kwana ɗaya, an ɗebi ruwa ko ba a ɗeba ba. Akwai dai waɗanda ba a yi wa, kamar wanda ake zargin ƙwaƙwalwarsa ta kumbura, shi ya sa likita ke dubawa tukuna. Hajiya, kada ku bari gardamar nan ta hana a fara wa yaron allurar magani yau.