Me ya sa kuɗin gem ɗina suka tsaya a 2,147,483,647?

Ɗan_Fagge:
Salam 'yan uwa, don Allah masu lissafi ku taimaka. Wani gem nake bugawa a waya, kuɗin ciki sun kai 2,147,483,647 sun tsaya cak, ko na ci wasa ba sa ƙaruwa, kuma ƙanina ya ce nasa gem ɗin daban amma a nan shi ma ya tsaya. Wai meye a lambar nan ne?

Injiniya_Zariya:
Wslm. Wayarka lafiya lau malam. Kwamfuta da 0 da 1 take ƙirga, tsohon tsari yana ware gurbi 32 wa lamba, ɗaya na nuna ko lambar ta haura sifili ko tana ƙasa, saura 31 kenan. To ka jera 2 guda 31 ka ninka su da juna (2×2×2...) ka cire 1, abin da zai baka kenan. Ma'ajin ya cika, ba wurin sa ko kwabo.

Malama_Lissafi:
Injiniya ya faɗi na kwamfuta, amma wallahi lambar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Firam ce, wato ba abin da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta, kuma masanin lissafi Leonhard Euler ne ya tabbatar a 1772, da alƙalami da takarda fa! Irin waɗannan da ake ta ninka 2 da kanta a cire 1 su fito firam ana ce musu firam ɗin Mersenne, ita ce ta takwas a jerin. Abin da ya fi burge ni shi ne 31 ɗin ma haka take, 2×2×2×2×2 32 ne, cire 1.

Ɗan_Fagge:
Ikon Allah. Kenan Malama duk firam ɗin da na ɗauka na jera 2 guda yawanta na ninka su da juna na cire 1 firam zan samu?

Malama_Lissafi:
A'a ƙanina, gwada 11 ka gani, 2047 za ta baka, ita kuwa 23 sau 89 ce. Shi ya sa sai an bincika. Kuma wajen bincika 2,147,483,647, Euler bai bi lambobi ɗaya bayan ɗaya har 46,340 ba (a nan gwajin rabawa ke tsayawa, don in ka ninka 46,340 da kanta ta kusa kai lambar), ya san duk firam ɗin da zai raba ta dole idan ka raba shi da 62 saura 1 ya rage, sai aikin ya ragu sosai.

Injiniya_Zariya:
Ni abin da ya fi damuna ba gem ba ne. Tsofaffin na'urori da yawa suna ƙirga daƙiƙoƙi tun 1 ga Janairu 1970 a irin wannan ma'ajin, zai cika ranar 19 ga Janairu 2038, ƙarfe 4:14 na asuba agogon Najeriya, wanda ba a gyara ba sai ya koma Disamba 1901. Sababbin wayoyi dai gurbi 64 gare su.

Ɗan_Fagge:
Na gode. To bari in je in kashe kuɗin tunda ba sa ƙaruwa 😂