Abin da masu ɗinkin bargon ƙyallaye suka ce wa sababbin hannu

Mun zauna hira da masu haɗa bargo daga guntayen ƙyalle, kuma maganar da ta fi ɗaukar lokaci ita ce wanki. Kusan kowa ya ce a wanke yadin auduga kafin a sa masa almakashi. Atamfa tana zuba, musamman ja da shuɗi, sannan auduga tana tsukewa a wankin farko. Wata ta buɗe mana bargon da ta yi wata biyu tana ɗinkawa: jan ƙyalle ɗaya ya rine fararen da ke kewaye da shi. Wallahi sai da na ji mata zafi.

Sai awo. A bar kwatan inci a bakin kowane ɗinki, kada ya ƙaru, kada ya ragu, in ba haka ba kusurwoyi ba za su haɗu ba. A bi kowane ɗinki da dutsen guga, dannawa ake yi, ba ja ba.

Mai farawa ya kama zubin murabba'i tara, uku sau uku, a ƙaramin bargon jariri. Guntaye kuwa, a roƙi telan unguwa.

Bargon hawa uku ne: fuska, auduga a tsaka, da yadin baya. A kama su da fil, a fara ɗinki daga tsakiya zuwa gefe don kada ya tattare. Wani dattijo ya tuna mana cewa lifidin dawakan sarakuna ma cusa shi ake yi a ɗinke.

Wadda layinta ya karkace, an ce ta ci gaba, ta gama wannan kafin ta yanka wani.