Allurar mai da ta zafi sun rikice, dillalin motar ya kasa gyarawa

Baban Khairat:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana mota ku ba ni shawara. Wata shida ke nan da na sayi mota ƙirar 2012 a wani kamfanin dillancin motoci a Kano, da garanti na shekara ɗaya. Ba a rufa wata biyu ba allurar mai ta fara wasa: in cika tanki ta nuna rabi, can kuma ta faɗi ƙasa. Juma'ar da ta wuce mai ya yanke mana daf da Kwanar Dangora, ga yara a mota ga rana, allura kuwa tana kan kwata. Yanzu ta zafin inji ma ta shiga sahu. Da na kunna fitila da dare sai ta haura har ja, in na kashe ta sauko.

Sau uku ina mayar musu. Sun canza fulot na tanki, wato abin da ke auna yawan mai, sun canza sensar zafi, motar ta kwana tara a wajensu. Na ukun suka ce sun sa kwamfuta ba ta nuna komai ba, wai sai an sauya mitar da alluran ke ciki gaba ɗaya, kuma ni zan biya. Wallahi abin ya dame ni, da ita nake kai yara makaranta.

Malam Rewaya:
Wa alaikumus salam. Alhaji, maganar fitilar nan ita ce bakin zaren. Fulot yana tanki, sensa tana jikin inji, da wuya su lalace tare. Abin da ya haɗa su shi ne wayar da ke ɗaure a jikin bodi da ta batir zuwa inji. In ta yi tsatsa ko ta saki, da an kunna fitila wuta za ta nemi wata hanyar komawa, allurai su yi ta ƙarya. A kwance, a goge da sanfefa, a ɗaure tamau. Sannan a auna caji inji yana aiki, ya kamata a ga tsakanin bolt 13.5 da 14.5. Sai duk wannan ya fita lafiya za a zargi mitar, kuma sau da yawa dalma ce ta tsage a bayanta, ana gyarawa.

Direban Zariya:
Yaya, kafin a gyara kada ka raina ta zafin nan. Ni haka na ce ƙarya take, ashe rannan gaskiya ta faɗa, gaskit ya ƙone. Kullum da safe ka duba ruwan lagireto inji yana sanyi. Mai kuma, in ka cika ka mayar da lissafin kilomita sifili, ka riƙa bin sa.

Maman Walid:
Ɗan uwa, kada ka bari a buɗe ta a waje tukuna, za su fake da hakan su ce garanti ya faɗi. Karanta takardar da kyau, ka karɓi shaidar duk aikin da suka yi a rubuce. In sun ƙi, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC.

Malam Rewaya:
Hajiya ta yi gaskiya. Ka tsaya a gabanka su duba wayoyin. Ka ce su buɗe zafin inji a kwamfutar, su kunna fitila. In kwamfutar ta tsaya wajen digiri 90 allura kuma ta tashi, injinka lafiya lau.

Baban Khairat:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na duba takardar, babu inda aka cire kayan wuta daga garantin. Litinin da sassafe zan je, kuma ba zan bar musu makulli in tafi ba. Malam, wayar jikin bodin ta ɓangaren direba take ko sai an cire dashbod?